Ba Sanyi Ba Ne

Sabon Gari, Zariya
Ranar Alhamis da yamma

Zuwa ga Yaya Munir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da abokin zamanka. Allah ya tsare ka a sabon ɗakinka na Samaru, ya sa ka shige shi a sa'a.

Da farko ka yi haƙuri, Yaya, da na yi ƙarfin halin rubuto maka. Na san ban kai in yi maka nasiha ba, ni da ko a gida ban cika iya haɗa ido da kai ba. Maganar ba tawa ba ce. Umma ce ta kira ni bayan na dawo daga makaranta, ta ce in ciro takarda a littafina in zauna. Na ce, "Umma, ga waya, ki kira shi mana." Ta ce, "Idan na kira shi, daga gaisuwa sai gaisuwa. Ke dai rubuta abin da na ce." Don haka hannun nawa ne, bakin nata ne. Inda na sa nawa bakin zan faɗa maka, don kada ka ɗora mata.

Ga abin da ya kawo maganar. Ranar Lahadi da ka zo kwasar sauran kayanka, idanunka sun yi ja, kana ta atishawa, da ka sunkuya ɗaura takalmi kuma muka ji ƙirjinka yana fito. Ka ce mura ce. Sannan ka gaya wa Baba kana dariya cewa bana a karatunku na harhaɗa magunguna kun fara aiki da fararen ɓeraye, kuma ɗakin da kuka kama yana bayan shagon wani mai hatsi. Da Baba ya tambaye ka ko malamanku sun san da ciwonka, ka ce ba wanda ya sani, ba ka kuma so a sani. Umma tana tankaɗe a bakin kicin, ba ta ɗago kai ba. Tun ranar ba ta ci abincin kirki ba.

Daga nan ita ce take magana.

"Ka san kai ne ɗan farina, ka kuma san irin tarbiyyar da aka yi mana. A ƙauyenmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Ko kuka yake yi sai ta kau da kai, wata ta ɗauka. Haka na ga uwata ta yi wa yayana, da haka na shigo gidan nan. Da aka yaye ka, Inna kakarku, Allah ya jiƙanta, ta ɗauke ka zuwa ɗakinta. Lokacin Babanku bai samu sito a kasuwa ba, a ɗakin Inna ake jibge buhunan masara da dawa har kusa da silin. Inda hatsi yake kuwa ba a rasa ɓera. Katifarka a jikin buhunan take.

"Da safe ina daka a tsakar gida sai in ji kana tari, in ji wannan fiton. Na fi kowa jin sa. Taɓarya tana hannuna, kunnena yana ɗakin Inna. Ban taɓa ajiye ta na shiga ba, don kada a ce yarinyar nan ba ta da kunya, ta zaƙe a kan ɗan fari. Sai in jira Inna ta fito in ce, 'Inna, kamar ana tari a ɗakinki.' Kamar ana tari! Kamar ban san mai tarin ba.

"Ban ce ka yar da kunya ba, ɗabi'a ce mai kyau. Amma na yi ta a inda ba wurinta ba, kai ne kuma ka sha wahalar. Wannan yaron da kuke ɗaki ɗaya, ka zaunar da shi ka gaya masa kana da asma, kuma ɓera ne ke tayar maka da ita. Idan abin ya zo ba ka iya magana, ni na sani. Lokacin da kake da bakin faɗa shi ne yanzu.

"Inna ta ce sanyi ne. Kowa ma sanyi ya ce. A gidajenmu idan yaro yana tari sanyi ne, idan yana majina sanyi ne, idan ƙirji ya kama sanyi ne ya shige shi. Ni ma na yarda, na kuma ji daɗi, don sanyi abu ne da zan iya yaƙa ba tare da an gan ni ba. Na sa aka toshe tagar ɗakin da kwali. Na ciro babban bargon aurena daga adaka na ba Inna na ce, 'Ga wannan, ya tare mini wuri.' Bargon nan ɓeraye sun daɗe suna kwana a cikinsa, na ga kashinsu, na kaɗe kawai na ninke. Da shi aka riƙa lulluɓe ka har kai. Idan ɗakin ya yi wari in ɗebo garwashi a kasko in zuba turaren wuta in miƙa. Na rufe maka iska, na rufa maka abin da ke shaƙe ka, na bi ka da hayaƙi, duk ina ganin gata nake yi maka.

"To ka ji. Ka bar tagarka a buɗe da rana. Zanin gado da bargo ka wanke su akai-akai, ka shanya su a rana sosai, kada ka ajiye su a ƙasa ko a kwali. Idan abokinka mai son turaren wuta ne ko maganin sauro na hayaƙi, ka roƙe shi ya haƙura, ku ɗaura gidan sauro. Kuma ka daina ce wa abin nan mura. Shekara da shekaru ina ba shi sunan da ba nasa ba, shi ya sa nake ta ba shi maganin da ba nasa ba."

A nan ni ce, Yaya. Umma ta tashi ta duba tukunya, ko da yake ban ji wani abu yana ƙonewa ba. Bargon da take faɗa ban taɓa ganinsa ba. Da na tambaye ta ta ce ta ƙone shi tun kafin in yi wayo. Ta dawo ta ce mu ci gaba.

"Kana aji uku a firamare ɗan Maman Ngozi maƙwabciyarmu ya ba ka ɓerayen Masar guda biyu. Na san kana tunawa da su, ɗaya fari, ɗaya mai ɗigon ja. Babanku ya ce a mayar. Ni ce na ce a bar su, wai za su riƙa cinye mini ɓawon kabeji. Gaskiyar kuwa na ga yadda kake dariya idan kana ba su ciyawa, ni kuma ban da wata hanyar sa ka dariya. Ban ga laifinsu ba. Ba ɓeran kwata ba ne, tsaf-tsaf suke, a hannu suke cin abinci. Ka sa su a kwali kusa da shimfiɗarka, kana ɗaukarsu kana manna su a kumatu.

"Wata Asabar da hantsi ka juye kwalin za ka canza musu dusa, ƙura ta tashi. Ina wanki na ga ka zauna a ƙasa. Kafaɗunka suna ɗagawa, bakinka a buɗe, leɓenka ya sauya launi. Inna ba ta nan, Babanku yana kasuwa. Na tsaya da kumfa a hannu ina kiran, 'Ke Maman Ngozi! Zo ki ga yaron nan!' Ta leƙo ta katanga, ta shigo da gudu ko ɗankwali babu. Ta ce, 'Haba Maman Munir! Abeg, wane irin yaron nan? Ɗanki ne fa! Ɗauko mayafi mu tafi!' Ita ta saɓa ka a kafaɗa. Ita ta tare mai mota a titi, ta yi masa ihu har ya sauke fasinjansa.

"A asibiti suka sa maka wani abu a hanci da baki mai fitar da tururi, har numfashinka ya dawo. Likita ya dubi Maman Ngozi da ke riƙe da kai ya ce, 'Ke ce uwarsa?' Ta ce, 'Ga uwar can a bakin ƙofa, tana kunya. Kunya za ta kashe Bahaushiya!' Ya ce in matso. Ya tambayi sunanka, na sunkuyar da kai, ita ta faɗa. Amma da ya tambayi tun yaushe ake fama, sai bakina ya buɗe. Na gaya masa a wane ɗaki abin ya fi tashi, da yadda kake warkewa garau idan ka je hutu gidan Gwaggo a Jama'a, da yadda kake dawowa da kwana biyu ya sake kama ka. Maman Ngozi ta riƙe haɓa ta ce, 'Au, ashe duk kina gani?' Ina gani mana.

"Ya ce me muke ajiyewa a gida. Na ce hatsi. Ya ce dabbobi fa. Na faɗa masa. Ya ce ba sanyi ba ne. Ya ce jikinka ne bai jitu da ɓera ba, kowane iri, suna ce wa abin alaji. Na ce ai bai taɓa cizonka ba. Ya ce ba sai ya ciza ba. Fitsarinsa da yawunsa da ɓurɓushin fatarsa, idan suka bushe sai su zama ƙura mai laushi da ido ba ya gani, ta shiga bargo da katifa, ta bi iska. Wani zai shaƙa ba abin da zai same shi. Kai idan ka shaƙa sai hanyoyin numfashinka su kumbura su matse.

"Abin da nake so ka riƙe a nan shi ne, kada ka ce waɗannan na makarantarku farare ne, a keji suke, masana ke kiwonsu. Na Masar ɗin ma masu tsafta ne. Ƙirjinka bai san fari ba, bai san na kwata ba. Ka je ka samu malamin da ke kula da ku ka faɗa masa. Ka koma wurin likita ya duba ka tun da sauran sauƙi, ya faɗa maka yadda za ka yi da aikin, ya kuma duba ko maganinka yana buƙatar canji. Idan za ka shiga wurin ɓerayen ka sa takunkumi mai kyau da safar hannu. Farar rigar da kake aiki da ita kada ka kawo ta ɗakin kwananka, kada ka rataye ta kusa da gado. Ka wanke hannu da fuska kafin ka fito. Wankin keji da juye dusa kuwa ka nemi a ɗauke maka, ka karɓi wani aikin a madadinsa."

Ni ce kuma, Yaya. Mun yi darasin numfashi a aji, malamarmu ta zana mana hanyoyin iska a allo kamar rassan bishiya. Na so in nuna wa Umma a littafina, ta ce, "Rufe. Na ji shi da kunnena kafin a zana miki." Ta ce in gaya maka wanda ke tafe ma wautarta ce, kada ka yi mata dariya.

"Da muka dawo daga asibiti na ɗaura yaƙi da ɓera. Na mayar da na Masar, ka yi kwana da kwanaki ba ka kula ni ba, na shanye. Na matsa wa Babanku har ya kwashe buhunan. Sai na ɗauki tsintsiya na shiga ɗakin Inna na share shi a bushe, lungu-lungu, ƙura tana fitowa ta ƙofa kamar hayaƙi, kai kuma kana zaune a tsakar gida kana cin ɗumame. Kafin azahar mun koma asibiti. Bayan nan na zuba shinkafar ɓera ko'ina, suka ci suka hau silin suka mutu, muka rasa yadda za mu ciro su.

"Don haka idan ka ga kashin ɓera a ɗakinka kada ka kai masa tsintsiya. A yayyafa ruwa da sabulu ko maganin wanke ƙasa, a bari ya jiƙa, a goge da tsumma, a ƙulle a leda a fitar. Kuma ba kai za ka yi ba. Ka fita waje, abokinka ya yi, kai ka biya shi da wanke-wanke ko ɗebo ruwa. Ku duba jikin bangon da kuka haɗa da mai hatsi, da ƙasan ƙofa, da kusurwar silin. Duk ramin da kuka gani a toshe da siminti, ba da tsumma ba, tsumma shimfiɗa ce kuka yi musu. Garinku da shinkafa da taliya a bokiti mai murfi. Kada a kwana da kwanon da ba a wanke ba. Tarko ya fi guba, don ka san inda ya mutu, amma shi ma ba hannunka zai ɗauka ba. Idan kun yi duk wannan ƙirjin bai lafa ba, ka bar ɗakin. Babanku ya ce ɗakuna ba su ƙare a Samaru ba."

A nan na ɗauka Umma ta gama, na fara rufe biro. Sai ta ce, "Saura ɗaya. Rubuta shi yadda na faɗa, kada ki gyara."

"Da aka ba ka maganin shaƙa, wata mata a unguwa ta gan shi a hannunka a gidan suna. Ta ce da ni, 'Ayya, fuka ce? Ai gado ce. Ki rufa wa kanki asiri, kina da 'ya'ya mata.' Maganar ta shige ni. Na ga ranar da za a zo neman ƙannenka a ce gidan masu fuka ne. Sai na ɗinka maka 'yar aljihu a cikin jakar makarantarka, can ƙasa inda ba a gani. Na ce idan za ka shaƙa ka shiga banɗaki. Na ce idan an tambaye ka ka ce mura ce. Kai yaro ne mai jin magana, ka ji. Ranar Lahadi da ka ce wa Babanku mura ce, muryata na ji a bakinka.

"Ni na koya maka ɓoyewa, ni ce kuma nake ce maka ka bari. Maganin nan ya zauna a aljihun gaban rigarka. Wani maganin kuma ya zauna a kan teburinka inda kowa zai gani. Ka shaƙa a aji, ka shaƙa a cikin keke, ka shaƙa a ƙofar masallaci, duk inda ya kama ka. Idan ka shaƙa bai sake ka ba, ko magana ta fara yi maka wuya, ba jira, ba bari ya lafa, asibiti kai tsaye. Ban ce ka bar karatunka ba. Na san yadda ka so shi, na san kuma kana tsoron a ce ba za ka iya ba. Wannan tsakaninka da malamanka da likita ne, ku za ku san dabara. Amma ba za su nemo maka dabarar abin da ba su sani ba."

Yaya, wannan nawa ne, ka gafarce ni. Ban san saboda mu aka sa ka shiga banɗaki da maganinka ba sai yau. Ni dai ban roƙi hakan ba, kuma na tabbata ƙannenmu su Husna ma idan sun girma za su ce ba su roƙa ba. Duk wanda zai fasa zuwa gidanmu don yayana yana shaƙar magani, ya yi zamansa. Na faɗa wa Umma haka, ta ce, "Ke, wa ya tambaye ki maganar aure? Rubuta abin da ke gabanki." Amma ta yi murmushi, na farko tun Lahadi.

Ga abin da take so a matsayin amsa. Ta ce ba ta son ka rubuto, ba ta son ka kira ka ce an gama, don ta san za ka faɗa ne ka kwantar mata da hankali. Ta ce idan ka gaya wa abokin zamanka, ka nuna masa inda maganin yake da yadda ake amfani da shi, sai ka ba shi lambarta ya kira ta da kansa. Na ce, "Umma, ke da ba kya maganar Yaya ko da Gwaggo, me za ki ce wa baƙo?" Ta ce, "Zan ce masa na ba shi amanar ɗana. Sai me?" Ta saka wayar a caji tun ɗazu, ta kuma hana su Husna taɓa ta.

Ta ce in rufe da addu'a. Allah ya buɗe maka ƙirji, ya sa iskar da za ka shaƙa ta zame maka lafiya. Allah ya tsare ka a ɗaki da aji da hanya, ya haɗa ka da abokan zama masu tausayi da malamai masu fahimta. Allah ya ba ka abin da ka je nema, ya dawo mana da kai da ƙafarka. Baba yana gaishe ka. Maman Ngozi ta ce a gaya maka, kai likitanta, har yanzu tana jiran maganin ciwon gwiwar da ka yi mata alkawari. Za mu ba mai keken da ke kai wa Baba kaya takardar nan gobe, tare da yaji da garin kunu. Bokitin da suke ciki mai murfi ne, kada ka dawo da shi.

Idan na yi kuskure a rubutun ko na wuce gona da iri, laifina ne, ba na Umma ba. Kuma ina da roƙo ɗaya. Da na zauna rubutun nan na gane akwai abubuwa da yawa da nake so in tambaye ka, waɗanda idan kana gabana ba sa fitowa. Idan ba zan takura maka ba, ka ba ni izini in sake rubuto maka, ba da saƙon kowa ba, ni kaɗai. Ko ta bakin mai keken ka aiko da "to", ya ishe ni.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Nafisa